Idon Saitin Badaru

Shekarar da fari ya sake dawowa, wadda har a Kano sai an bi layi ake samun sabulu, mazan Tudun Gawo kusan duk sun watse cin rani tun da aka gama kwashe ɗan abin da gonaki suka bayar. Wasu sun shiga birni ga-ruwa, wasu sun nausa kudu dako. Badaru bai je ko'ina ba. Ya ce namijin da Allah ya ba bindiga ba ya saɓa garwa a kafaɗa, kuma gidansa nama za a ci har damina ta sauka. Matarsa Barira ta ji da kunnenta, ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da dakan kukarta.

Bindigar 'yar siririya ce mai ƙaramin harsashi, irin ta harbin tsuntsu. Badaru ya daɗe yana yi wa wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa, gadi a Ɗanbatta. Da gyaɗa ta mutu, mutumin ya kwance sikelinsa zai tafi, sai ya sallami ma'aikatansa. Wani ya samu keke, wani rediyo, shi kuwa Badaru ya samu bindiga, kuma tun daga ranar har tafiyarsa ta canja. Kullum da hantsi zai saɓa ta ya zaga gonakin mutane, ya dawo da azahar da ƙishirwa da labari. Yau fakara ce ya kusa samu, gobe hasbiya ce gashinta ya tashi, jibi zabon daji ne ya tafi yana ɗingishi. Barira ta ce da ana kaɗa miya da "saura kaɗan", da yaran gidan nan sun fi na hakimi ƙiba. Abu ɗaya da ya taɓa shigowa da shi a hannu kurciya ce, ita ma ƙaninsa Sabo ya rantse tsoro ne ya kayar da ita, don an fige ta tas ba a ga inda harsashi ya taɓa ba.

Barira dai ba a kan bindiga ta ɗora zuciyarta ba, a kan rufewa ta ɗora. Rufewar rumbun laka ce mai tumbi, zaune a kan duwatsu a kusurwar tsakar gida da hular ciyawa a kanta. Ragowar geron bara da ɗan abin da aka tsira da shi bana duk suna ciki. Ita ta sussuke shi, ita ta sheƙe, har tafin hannunta ya yi kanta, Badaru yana kan tsani tana miƙa masa ƙwarya yana juyewa. Dokar gidan kuwa tun iyaye da kakanni ita ce, in an gama kaka maigida ya liƙe bakin rufewa da laka, ba mai sake taɓawa sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Ran nan ne za a fasa, a ɗebi iri, sauran a ci lokacin noma da jiki ke neman ƙarfi. Mace ba ta hawa tsanin rufewa, balle ta leƙa. Liƙewar ma ba a gabanta aka yi ba. Ta je Tsanyawa ta'aziyyar ƙanin mahaifinta, ta yi kwanaki, ta dawo ta tarar laka har ta bushe.

Don haka ta ɗaure. Ranin nan an ci tuwon dusa, an ci garin rogo da ruwa, an ga ranakun da ba a ɗora tukunya ba sam. Abin da take samu a saƙar faifai shi ke shiga bakin yara, kuma ba ya isa. In ƙaramarsu Sauda ta fara kukan yunwa, sai Barira ta ɗauke ta ta kai ta jikin rufewa, ta ce, "Taɓa ki ji. Tuwonki na nan ciki yana barci, ruwa yake jira." Ita kanta wani lokaci takan jingina bayanta a jikin lakar, sai ta ji yunwar ta ɗan lafa.

A faɗi gaskiya, ita ma Barira ba ta rasa nata ɗan cika-bakin. A bakin rijiya, in mata na ƙorafin mazansu sun cinye iri kafin su tafi, takan gyara ɗaurin zane ta ce, "Mu dai namu malamin, duk shirmensa, ya liƙe tamu." Daɗin faɗar wannan magana take ji, ba kaɗan ba. Maƙwabciyarta Larai, wadda mijinta ya tafi kudu ko saƙo bai aiko ba, ba ta da ko ƙwayar da za ta jefa a rami. Barira ta yi mata alkawari a gaban mata, ta ce ranar da aka fasa rufewa ta zo da ƙwaryarta.

Da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, gajimare ya fara leƙowa ta gabas kullum da la'asar, sai Badaru ya gano abin da ya hana shi nama duk watannin nan. Ba hannunsa ba ne, ba kuma idonsa ba, 'yar tsagar nan ce ta bayan bindiga wadda ake daidaita saiti da ita. Ta tsufa, in ji shi, kuma dama can don idon Kwara aka yi ta. Ya shiga motar Kano da sassafe. Barira ta wuni tana tunanin abin da mai iyali zai shigo da shi daga birni a irin wannan shekara, ko masara ce, ko ɗan gishiri. Ya dawo bakinsa har kunne, ya zaro wani ƙullin takarda daga aljihu, ya warware a kan tabarma.

Wani baƙin ƙarfe ne ƙarami, da ɗan zagaye mai huji a tsakiya kamar tsohon kwabo, da notuna biyu, da wani ɗan maɓalli a gefe da ake murzawa.

"Malam, wannan fa? Da wace miya ake cin sa?"

"Idon saiti ke nan," in ji Badaru. "Aikin Jamus. Ta hujin nan ake leƙawa, a sa tsinin bakin bindiga a tsakiya, a ɗora shi a kan tsuntsu. Ko makaho aka ba sai ya kayar."

"To alhamdu lillahi, an samo daidai kai. Da me ka saye shi?"

"Wani mutumin kirki ne a Sabon Gari. Mun san juna tun zamanin gyaɗa."

Ba ta sake tambaya ba. A shekarar da wa ke ɓoye wa ƙani tuwo, an ce akwai mai raba ƙarfen Jamus kyauta a Sabon Gari, ita wace ce da za ta musa.

Washegari aka fara aiki, tsakar gida ta koma maƙera. Sabo ya iso tun kafin rana ta ɗaga. Shi ma bai tafi cin rani ba, don a cewarsa bai kamata a bar Yaya shi kaɗai da nauyin gari ba. Badaru ya ɗauki sabon faifan da Barira ta gama saƙawa don kasuwa, ya jera notunansa a kai, ya naɗe hannun riga.

Da farko sai an cire tsohuwar tsagar. Ta ƙi fita da lallami, Badaru ya ɗora mata ƙusa ya doka da ɗan dutsen niƙa, ta yi tsalle ta faɗa bayan danga, ba a sake ganinta ba. Wato ko da an so komawa gidan jiya, hanya ta toshe. Sannan aka ɗora sabon ido, aka tarar hujin notunansa da na jikin bindiga ba su taɓa sanin juna ba. In ɗaya ya hau, ɗayan ya kauce. Badaru ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce ai Jamus ba sa kuskure, bindigar ce aka yi a karkace. Sabo ya je wajen mai gyaran keke ya aro abin huda ƙarfe, irin wanda ake juyawa da hannu. Ya zauna a kan gindin bindigar don kada ta motsa, Badaru ya durƙusa yana juyawa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ƙarfe ya yi zafi ya fara kuka, aka ce sai an sa mai. Man da ke gidan kaf shi ne ɗan man kaɗen da Barira ke shafa wa Sauda a fason ƙafa, shi aka lakace. Da aka zo ɗaure noti ba abin murzawa, aka ɗauki wuƙar yankan kuɓewarta, bakin wuƙar ya ɓalle. Barira tana zaune a ƙofar ɗaki tana saƙa, tana kallon kayanta suna shiga aikin Jamus ɗaya bayan ɗaya.

Ana cikin haka noti ɗaya ya suɓuce ya faɗa yashi. Aka tsayar da komai. Aka ɗauko rariyarta ta tankaɗe, maza biyu masu gemu suka tsuguna suna tankaɗe ƙasar tsakar gida, wadda rabonta da ganin gari ta daɗe. Noti ya ce ku neme ni. Badaru ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan kazar Barira, guda ɗaya tak da ta rage mata, tana tone-tonenta a gefe.

"Anya kazar nan ba ta haɗiye shi ba?"

"Malam," in ji Barira, ba ta ko ɗago daga saƙarta ba, "ka taɓa wuƙata na yi shiru, ka taɓa man yarinya na yi shiru. In ka taɓa kazar nan, yau unguwa za ta ji mu."

Kaza ta tsira. Aka ɗaure idon saiti da noti ɗaya, ɗaya gefen aka ja shi da waya, aka yanko robar tayar keke aka naɗe har sai da ya yi rawani. Badaru ya girgiza bindigar, abin bai faɗo ba, ya ce ko a Jamus iyakar abin da za su yi ke nan. Farin ciki ya cika shi har ya kira Barira ta zo ta ga ikon Allah.

"Kafa a kafaɗa. Rufe ido ɗaya. Yanzu leƙa ta hujin. Me kika gani?"

"Bango."

"Sai me?"

"Bango kawai. Ba na ganin yara, ba na ganin murhu, ba na ganin komai a gidan."

"Yawwa! Ai amfaninsa ke nan. Mutum ba ya ganin komai sai abin da ya sa a gaba."

Ta miƙa masa bindigarsa ta ce, "Ashe wahalar zuwa Kano ka yi. Ai kai da naka aka haife ka."

Sabo ya ƙyalƙyale da dariya, Badaru ya ce mata ba su san darajar kayan aiki ba.

Gwaji ya kama bayan azahar ɗin wata rana da iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi, gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san wannan hadarin ba na wasa ba ne. Larai ma ta sani. Ta shigo da sallama, wai ta zo taya Barira hira, amma ƙwaryarta na leƙowa ta ƙarƙashin mayafi. Barira ta gani, ta ji wani daɗi ya ratsa ta, ta shimfiɗa mata tabarma ta ce, "Zauna, 'yar'uwa. In Allah ya sauko da shi yau, gobe war haka muna gona."

Badaru ya kora yara ɗaki. Ya ɗauki gawayi ya zana da'ira a bangon tsohon ɗakin mahaifiyarsa, wanda ba kowa ciki tun rasuwarta. Rufewa na tsaye daga hagun ɗakin, da ɗan fili a tsakani. Ya koma bakin zaure, ya kifa turmi ya ɗora bindiga a kai, ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ja kunama.

Tau! Ƙasa ta ɗan tashi a bango, taƙi guda hagu da da'irar.

"Ya kusa," in ji Sabo.

"Ya karkata hagu," in ji Badaru, yana shafa gemu. Ya dubi ɗan maɓallin da ke matsar da idon hagu ko dama. Ba wanda ya gaya masa ta ina ake murzawa, shi kuma bai tambaya ba, don tambaya ta yara ce. Amma ai shi ba baƙon karkata ba ne. Duk wanda ya taso a ƙasar nan ya kora jaki zuwa Kano da itace, ya koro shi gida da mangalar taki. Jakinmu ba shi da linzami, 'yar sanda ce kawai. In ya karkata hagu, ta hagu ake tare shi, a ɗan taɓa masa wuya ya dawo hanya.

"Ta hagu ya kauce, ta hagu za mu tare shi," in ji Badaru.

"Wannan haka yake, Yaya," in ji Sabo.

Ya murza idon ya matsa hagu, ya sake leƙawa, ya sake harbi. Sabon rami ya fito hagu da na farko.

"Taurin kai ne," in ji Badaru. "Bai saba da hannu ba tukuna. Akwai jakin da taɓawa ɗaya ba ta isar sa."

Ya ƙara murzawa hagu. Rami ya ƙara matsawa hagu. Ya ce iska ce, alhali ko zaren faifan Barira ba ya motsi. Ya ƙara murzawa. Da'irar gawayi na nan tsaf, ta fi ko'ina zaman lafiya a gidan, ramuka kuwa sun jeru a bango suna tafiya a hankali kamar sun san inda za su. Barira ta ajiye saƙa. Ta bi layin da ido har inda bango ya ƙare, ta ga abin da ke gaba.

"Malam, ramukan nan tafiya suke yi."

"Ina za su?"

"Wajen rufewa. Don Allah ko ka gwada murza shi ɗaya gefen, ko ka fita da shi gona."

"Matar Yaya," in ji Sabo, "kin taɓa kora jaki?"

"Ina kan yi," ta ce ƙasa-ƙasa, Larai ta sa mayafi a baki.

Badaru bai ji ba, ko ya ji ya ƙi. Ransa ya riga ya ɓaci, ga mace baƙuwa na kallo, ga ƙani, ga harsashi na ƙarewa. Ya kama maɓallin ya murza shi hagu har sai da ya tsaya, ya ce yanzu zai ga ƙarshen gardama. Ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa. A cikin ɗan hujin nan ba rufewa, ba Barira, ba komai, da'irarsa ce kawai zaune a kan tsinin bindiga. Ya ja kunama.

Wata 'yar ƙura ta tashi a tumbin rufewa. Kusan lokaci guda aka ji ƙwal daga bayanta, tasar da Barira ta kife a kan danga ta faɗo tana juyi a ƙasa.

Barira ta miƙe da salati, ta fizgi faifai ta ruga don ta tari geron da zai zubo. Sussukakken gero ba ya jira, ko ƙusa ce ta huda buhu sai ya tsiyayo. Ta durƙusa ta kara faifan a ƙarƙashin hujin, wanda bai kai tsayin ƙugunta ba. Kaza ma ta taho a guje ta tsaya kusa da ita, ta karkata kai tana jira.

"Kai! Yaya, ka ga ƙarfi?" in ji Sabo, yana tafa hannu. "Ya huda rufewa cike da gero, ya fita ta baya, har ya samu tasa! Wallahi ko bindigar soja..."

Maganar ta maƙale masa. Shi ma manomi ne, ya san ko hannu mutum ya cusa a gero ba ya wuce gwiwar hannu.

"Aikin Jamus ke nan," in ji Badaru, amma muryar ba tasa ba ce.

Faifai na nan fayau, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba. Kaza ta gaji da jira ta koma tononta. Barira ta dubi hujin. An ce mace ba ta hawa tsani, ba ta leƙa ta sama, amma ba wanda ya taɓa kafa doka a kan hujin harsashi. Ta rufe ido ɗaya yadda aka koya mata, ta kara ɗayan.

Duhu ta fara gani. Sannan ta ga wani ɗan haske can gaba, hujin da harsashin ya fita, da siririn zaren rana ya ratso ciki, ƙura na yawo a cikinsa. Ba abin da ya tare shi daga bango zuwa bango. Da idonta ya saba, ta hango ƙasan rufewar, an share shi tas, sai wata tsohuwar ƙwarya a kife. Wannan ce rufewar da ta jingina da ita duk rani, wadda ta sa Sauda ta shafa. Ta tuna kwanakin Tsanyawa, ta tuna harsasan da ba sa ƙarewa, da mutumin kirki na Sabon Gari. Sai ta tuna Larai na bayanta.

Ta tofa yawu a ƙasa, ta murza 'yar laka da yatsa, ta toshe hujin. Ta miƙe ta karkaɗe zane.

"Ba ɓarna," ta ce. "Geron ne ya danne ta ciki, shi ya sa bai zubo ba."

Larai ta dube ta, ta dubi faifan. Da ta yi dariya, ko ta jefa mata maganar bakin rijiya, da Barira ta fi samun sauƙi. Amma sai ta ce a hankali, "Haka ne, gero mai kyau ba ya zuba." Ta tura ƙwaryarta can cikin mayafi inda ba za a gan ta ba, ta ce ta bar shanya a waje, bari ta je kafin ruwa. Sabo ma ya tuna mai gyaran keke na jiran abin hudarsa, ya bi bayanta har yana tuntuɓe a zaure.

Aka bar su su biyu. Badaru na durƙushe a bayan turmi, yana ta goge bindiga da gefen riga, wurin da ba datti.

"Duka ka sayar?" in ji Barira.

"Niyyata in mayar kafin ruwa. Da nama ya fara shigowa, ana kai fakara kasuwar Ɗanbatta, ai cikin ɗan lokaci..."

"Malam, ban tambaye ka fakara ba. Har irin?"

Ya ci gaba da goge bindiga. Ya ce ai da an bar shi ya gama saitin, saura kaɗan.

A lokacin ne iska ta taso, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa, ta ɗaga hular rufewa ta mayar. Aka yi tsawa. Ɗigon farko ya faɗo a kan faifan da ke hannunta, manya-manya, sannan sama ta saki gaba ɗaya. Daga gidajen maƙwabta aka fara jin guɗa da kabbara, tsofaffi na cewa a fito da fartanya, wannan ruwan shuka ne. Yara suka ɓalle daga ɗaki suna tsalle a tsakar gida. Sauda ta ruga ta rungume ƙafar rufewa tana dukanta da tafin hannu, tana ihu, "Inna, ruwa ya zo! A tashe shi, a tashe shi!"

Barira ta tsaya cikin ruwan, ba ta ko motsa ba. Watanni tana roƙon Allah wannan rana, ga ta ta zo, ba ta kuma taɓa jin tsoron wata rana kamarta ba. Ruwan ya wanke 'yar lakar da ta toshe hujin da ita, ramin ya sake buɗewa.

Badaru kuwa ya tuɓe rigarsa da sauri, ya lulluɓe bindigar, ya rungume ta a ƙirji yana neman inda ba ya yoyo, kada idon saiti ya yi tsatsa.

Ta ɗauke Sauda daga jikin rufewa ta saɓa a kafaɗa. Da ta zo wucewa ta gabansa ta tsaya.

"Rufe ta da kyau, Malam, kada ta jiƙe," ta ce. "Gobe ita za mu shuka."